Shin halin kifi zai iya nuna mana cewa ruwa ya gurɓace?

Wani malamin makaranta mazaunin yankin Fanshekara ya aiko da tambaya a kan abin da ya gani a bazarar bana. Ya ce da asuba masunta suka tarar da karfasa sun taso saman ruwa a wani gurbi na kogin Chalawa suna ta haki, manya daga cikinsu har sun fara kifewa, alhali tarwaɗar da ke wurin babu abin da ya same ta, kuma da hantsi ya dubi ludayi sai abin ya lafa. Daga nan gardama ta kaure a bakin kogi, wasu suna cewa dagwalon masana'antu aka sako cikin dare, wasu suna cewa zafin bazara ne kawai. Tambayarsa ita ce, shin za a iya dogara da halin kifi da sauran halittun ruwa a gane cewa ruwa ya gurɓace, kuma in za a iya, yaya za a raba tsakanin illar guba da illar yanayin ruwan kansa?

Malam, za a iya dogara da shi, kuma ana dogara da shi a wasu manyan matatun ruwa na duniya, amma da sharaɗi guda wanda in aka yi watsi da shi aikin duka ya tashi a banza. Kifi yana cikin ruwa dare da rana, duk abin da ya narke a ruwan yana ratsa gaɓar numfashinsa, saboda haka yakan riga ma'aikaci jin canji. Sai dai abin da yake nuna mana shi ne ya shiga matsi, ba ya faɗin abin da ya matsa masa. Kamar ihun maigadi ne cikin dare, wanda ke tashin mutanen gida amma bai gaya musu ɓarawo ne ko gobara ba. Sharaɗin kuwa shi ne a san yanayin ruwan a daidai lokacin da aka ga alamar, wato zafinsa, da yawan iskar oksijin da ke cikinsa, da tsaminsa ko kanwarsa, da irin ma'adinan da ya ɗauko, domin waɗannan su kaɗai suna iya sauya halin kifi ba tare da wata guba ba, kuma su ne ke ƙara wa guba ƙarfi ko su rage mata. A abin da ka bayyana, ra'ayina shi ne ɓangarorin nan biyu suna iya zama da gaskiya a lokaci guda.

Ƙarancin oksijin yana cikin manyan abubuwan da ke kashe kifi a ruwayenmu. Ruwa ba ya riƙe wannan iska da yawa, kuma gwargwadon ɗuminsa gwargwadon raguwar abin da zai iya riƙewa. A zafin digiri 20 na ma'aunin salshiyos, lita guda ta ruwa mai tsabta tana ɗaukar kimanin miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5, kuma da yake Kano tana kan tudu na kusan mita 500 daga saman teku, namu ruwan yana ɗan gaza hakan. Shi kuma kifi ba shi da zafin jiki nasa na kansa, zafin ruwa shi ne nasa, kuma duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka buƙatarsa ta oksijin. Ke nan a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana a Kano ke haura digiri 40 kuma kogi ya janye ya koma gurabe, kifi ya fi kowane lokaci buƙatar iska, ruwa kuma ya fi kowane lokaci ƙarancinta.

Sa'ar da abin ya faru ita ce mafi muhimmanci a cikin bayaninka. Gansakuka da sauran tsirran ruwa suna samar da oksijin ne idan akwai hasken rana, da dare kuwa su ma shaƙa suke yi tare da kifi da ƙwayoyin bakteriya. Saboda haka a ruwan da ya yi kore, oksijin yana kai ƙololuwa da la'asar, ya yi ta sauka cikin dare, ya kai ƙarshen faɗuwarsa dab da fitowar rana. Yawancin kifaye suna son miligiram 5 ko fiye a kowace lita, idan kuwa ya sauka ƙasa da 2 sai a ga abin da masuntan nan suka gani. Wanda ya tsuguna a bakin gurbi a irin wannan asuba zai ga karfasa sun jeru a sama, jikinsu a karkace, leɓensu yana taɓa fuskar ruwa, murfin kunnensu yana buɗewa da rufewa da sauri. Ba iska suke haɗiya ba, ɗan siririn ruwan da ke can sama suke zuƙa, wanda shi kaɗai ne ke haɗuwa da sarari yana samun oksijin. In ka tafa hannu sai su nutse, ba a jima ba su sake tasowa, domin tsoro bai kai shaƙewa ba. Da rana ta fito gansakuka ta koma aiki, sai su sauka ƙasa. Manya ne ke fara mutuwa, saboda wannan ɗan siririn ruwa bai isa ya ɗauki babban jiki ba.

Duk alamun da ka lissafa, wato asuba, da mutuwar manya, da lafawa da hantsi, suna nuni ne ga ƙarancin oksijin, ba ga guba mai kisa nan take ba. To amma wannan bai wanke kowa ba, domin sauran a san abin da ya cinye oksijin ɗin. Jinin mayanka, da tarkacen nama da kitse da gashi da ke fitowa daga masana'antun jima, da ruwan kwata da na masai, duk abinci ne ga bakteriya, kuma suna ƙone oksijin yayin da suke ruɓar da su. Sinadarin salfaid da ake tuge gashin fata da shi yana haɗuwa da oksijin kai tsaye ya rage shi. Takin zamani da ke gangarowa daga lambuna yana haɓaka gansakuka, ita kuma ta ƙara zurfin faɗuwar dare. Dagwalon da kogi zai shanye a watan Agusta ba a ji ba ba a gani ba, saboda yawan ruwa da gudunsa, shi ne zai iya shaƙe gurbi a watan Afrilu. Mai cewa zafi ne bai yi ƙarya ba, mai cewa dagwalo ne shi ma yana iya zama bai yi ba, domin zafi ya rage abin da ke akwai, ƙazanta kuma ta cinye ragowar.

Lafiyar tarwaɗa kada ta ruɗe ka. A bayan kanta akwai wata gaɓa mai rassa da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a caɓi, kuma take isa kasuwa da ranta a cikin daro mai ɗan ruwa kaɗan. Gaiwa huhu gare ta, bargi ma yana kurɓar iska. Ruwan da babu abin da ya rage a cikinsa sai irin waɗannan ba lafiyayye ba ne, sau da yawa alama ce cewa sauran kifayen sun gudu ko sun ƙare. Ina yawan jan hankalin ɗalibai masu gwajin guba a kan wannan, domin 'ya'yan tarwaɗa ne suka fi sauƙin samu a wurin masu ƙyanƙyasa, sai a yi gwaji da su a fito da sakamakon cewa dagwalo ba shi da illa sosai, alhali an zaɓi kifin da ya fi kowa juriya. Duk da haka tana da amfaninta. Yawan tasowarta sama ta kurɓi iska yana ƙaruwa idan oksijin ya ragu ko gaɓar numfashinta ta sami rauni, kuma wannan abu ne da ake iya ƙirgawa da agogo. Ranar da aka ga tarwaɗa ta bi sahun karfasa ta mutu, a ranar ya kamata a nemi guba da gaske.

Guba tana da nata kamanni. Ba ta jiran asuba, kowace sa'a tana iya aukuwa, ƙananan kifaye ne ke fara faɗuwa, ba ta tsallake masu shaƙar iska, kuma takan haɗa da kwaɗi da ƙwarin ruwa. Maganin ƙwari irin na dangin fiya-fiya yana hana jiki kashe saƙon jijiya bayan ya isa, sai tsoka ta yi ta karkarwa, kifi ya zabura, ya yi ta juyi a wuri ɗaya, ya yi tsalle kamar zai bar ruwan, sannan ya sandare. Tsofaffin masunta sun san mai kama da wannan tun zamanin da wasu ke zuba maganin ƙwari na Gammalin 20 a gurbi don su kwashi kifi. Akwai kuma gubar da ke kwaikwayon ƙarancin oksijin. Sinadaran amoniya da kulorin da narkakkun ƙarafa suna ƙona gaɓar numfashi, ta kumbura ta cika da yauƙi, sinadarin naitirait kuma yana mai da launin jini ruwan ƙasa, jinin ya kasa ɗaukar iska. A irin wannan hali kifi zai taso yana haki da tsakar rana alhali na'ura tana nuna oksijin ya wadata. Ido ba zai raba wannan haki da na asuba ba, ma'auni ne kaɗai ke raba su.

Sanyi ma yana yaudarar mai lura. A tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, ruwa mara zurfi yana yin sanyi ƙwarai cikin dare. Karfasa tana rage ci idan zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, ta kusan daina ci a wajen 16, ta lafe a ƙasa ba ta motsi sosai. Masu kiwon kifi a cikin gari sun san wannan, domin a lokacin ne abincin da suka watsa ke kwana a saman ruwa. Wanda bai auna zafi ba zai ɗauka guba ce ta sa kifi kasala. Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan hatsari, wato gubar tana nan amma kifi ya rage numfashi saboda sanyi, bai shaƙe ta da yawa ba, alamarta ta yi jinkirin bayyana. Yawancin guba suna ƙara ƙarfi da zafi, amma magungunan ƙwari na dangin fairitiroid, waɗanda ake yawan fesa wa amfanin lambu, sun fi kisa a ruwan sanyi. Haka nan idan oksijin ya ragu kifi yana ƙara tura ruwa ta gaɓar numfashinsa, kuma da wannan ruwan ne guba ke shiga jini, don haka gubar da zai jure da la'asar tana iya kayar da shi da asuba.

Inda na fi so ka tsaya ka lura shi ne ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa, inda 7 ke tsakiya. Amoniya, wadda ke fitowa daga fitsari da kashi da ruɓaɓɓen nama da wasu matakai na jima, tana zama a ruwa cikin siffa biyu, ɗaya mai sauƙin illa, ɗaya mai ratsa jikin kifi ta kashe shi. A zafin digiri 25, idan pH yana 7, mai kisan ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A 8 ta kai kimanin kashi 5, a 9 kuwa ta haura kashi 35. Amoniyar ba ta ƙaru ko kaɗan ba, ruwan ne ya canza. Kuma a koren ruwa pH yana hawa da rana, saboda gansakuka tana zuƙe iskar kabon, har yakan kai 9 ko fiye da la'asar. Don haka gurbi guda yana iya wahalar da kifi sau biyu a yini saboda dalilai mabambanta, da asuba ƙarancin oksijin, da la'asar amoniya. Wanda ya je da tsakar rana ya ɗebi ruwa a kwalba ya kai ɗakin gwaje-gwaje zai iya dawowa da sakamako mai kyau, alhali ya kuskure lokutan biyu.

Salfaid kuwa akasin haka yake yi, kuma ya shafe mu kai tsaye a Kano saboda masana'antun jima na Chalawa da Sharaɗa da Bompai. Ruwan da aka tuge gashi da shi yana fitowa da kanwa mai ƙarfi, pH ɗinsa yakan kai 11 ko 12, kuma a wannan hali mafi yawan salfaid ɗin a ɗaure yake. Idan ya gauraya da ruwan kogi, ko ya haɗu da ruwa mai tsami na jimar da ake yi da ƙarfen kuromiyam, pH ya sauko kusa da 7, sai kusan rabinsa ya rikiɗe ya koma iskar nan mai warin baragurbin ƙwai, wadda ke hana ƙwayoyin jiki amfani da oksijin. Abin da wannan ke nufi shi ne wurin da kifi zai fi jigata ba lallai ne ya zama bakin bututu ba, yana iya zama can ƙasa inda ruwayen suka gama cakuɗuwa. Mai neman tushen matsala da ya tsaya inda ya ga matattun kifaye zai iya zargin wanda ba shi da laifi ya bar mai laifin a sama.

Ƙarafa su ma ba sa aiki iri ɗaya a kowane ruwa. A ruwa mai yawan kalsiyam, irin wanda sabulu ke wahalar yin kumfa a cikinsa, illar jan ƙarfe da tutiya da dalma tana raguwa, saboda kalsiyam yana tare musu mashiga a gaɓar numfashi. Laka da ruɓaɓɓun ganyaye ma suna riƙe su. A ruwa mai laushi kuma garau, ɗan kaɗan ya isa ya yi ɓarna. Jan ƙarfe yana da wata illa da ta shafi hali kai tsaye, domin yana dakushe sansanar kifi, kuma da sansana ne kifi ke gane abinci da maƙiyi da mugun ruwa. Lafiyayyen kifi yana kauce wa dagwalo tun bai cutar da shi ba, wanda sansanarsa ta mutu kuwa zai zauna a ciki lafiya lau a ido. Shi ya sa zaman kifi a wuri ba hujja ba ne cewa wurin yana da kyau, gudunsa kuma labari ne da masunta ke fara ji. Idan mai jefa birgi ya ce kawara da tsage sun daina zuwa wani lungu da ya saba samun su, ina ɗaukar maganarsa da muhimmanci, amma sai na tambaye shi ko ruwan ya yi dauɗa ko ya ƙaru, domin tsage da ido yake farauta, kuma sakin ruwa daga madatsar Chalawa da ke Ƙaraye shi kaɗai yana iya sauya mazaunin kifi.

Farkon damina yana da nasa ruɗani guda biyu. A kududdufai masu zurfi na cikin birni da madatsun ruwa, zafin bazara yana raba ruwa hawa biyu, mai ɗumi a sama, mai sanyi mara oksijin a ƙasa inda ƙazanta ke ruɓewa. Idan hadari ya zo da iska mai ƙarfi da ruwan sama mai sanyi, sai na ƙasa ya taso ya gauraya da na sama, washegari a tarar da kifi a kife, a ce an zuba guba alhali ƙazantar shekaru ce ta motsa. Na biyu shi ne wankin farko, lokacin da ruwan sama ke kwaso duk abin da ya taru a magudanan Fagge da Sabon Gari da cikin birni tsawon rani ya antaya shi a rafin Jakara, ita kuma ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan Bompai su nufi madatsar Wasai a Minjibir. Wannan gurɓatawa ce ta gaskiya, sai dai ba wani mutum guda ne ya sake ta a daren ba.

Kifi yana iya gudu, ƙananan halittun da ke cikin laka ba sa iyawa, don haka su ne ke riƙe labarin makonni da watanni. Ka ɗebo taɓo daga ƙasan rafi, ka tace shi a rariya, ka zuba a farin faranti da ɗan ruwa. Idan daga wuri mai nauyin ƙazanta ne, za ka ga jajayen tsutsotsi sirara suna ta murɗa jiki. 'Ya'yan wani ƙwaro ne mai kama da sauro amma ba ya cizo, kuma jan nasu na sinadarin jini ne irin namu, wanda ke ba su damar zama inda oksijin ya yi ƙaranci. In ka bar su cikin kwalba za ka ga sun gina 'yan ramuka a laka suna kaɗa jiki don jawo sabon ruwa, kuma kaɗawar tana ƙaruwa idan iska ta ragu. Inda abin ya fi muni sai ka tarar da tsutsa mai doguwar wutsiya da take miƙawa sama ta shaƙi iska, da 'ya'yan sauro. Dodon koɗin ruwa kuwa yakan hau kan ciyawa ya nufi sama idan ƙasa ta ɓaci. A ruwa mai tsabta da gudu za ka sami ire-iren ƙwari da yawa, kowane kaɗan kaɗan, a gurɓataccen ruwa kuwa iri biyu ko uku ne amma birjik.

Yadda ƙasashen da suka mai da wannan ilmi aiki suka tsara shi yana tabbatar da sharaɗin da na ambata. Ranar 1 ga Nuwamba 1986 gobara ta tashi a wani rumbun sinadarai na kamfanin Sandoz kusa da birnin Bazel na Siwizalan, ruwan kashe gobarar ya kwashi magungunan ƙwari ya shiga kogin Rayin, kifaye suka mutu har cikin Jamus. Bayan wannan ne aka ƙarfafa tashoshin sa ido masu amfani da halittu masu rai a kan kogin. Wasu suna amfani da dafniya, wata 'yar mitsitsiyar halitta da kyamara ke bin saurin iyonta, kuma ana daidaita zafin ruwan kafin ya isa gare ta don kada sauyin zafi ya ta da ƙararrawa. A Waso, babban birnin Polan, kawar ruwan daɗi ake amfani da ita, wato halittar nan mai ɓawo biyu da ke rufe bakinta idan ruwa bai yi mata ba. Guda takwas ake sanyawa, kowace da ɗan maganaɗisu a ɓawonta, ana fara sanin yadda kowace ta saba buɗewa da rufewa, ba a ta da ƙararrawa sai mafi yawansu sun rufe a tare, kuma bayan wata uku ake mai da su ruwansu. A Amurka, birane irin su San Faransisko sun yi amfani da wani ƙaramin kifi da na'ura ke auna numfashinsa da tarinsa da motsinsa, a gefe kuma wata na'urar tana auna zafi da pH da oksijin, kuma da zarar kifayen sun rikice ake ɗebar samfurin ruwa nan take. Babu ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare da ya yarda da halin dabba shi kaɗai.

Abin da ke ba ni sha'awa, ya kuma ɗan sosa mini rai, shi ne ɗaya daga cikin kifayen da aka gwada a Jamus a shekarun 1980 namu ne, wani ɗan dangin miligi mai dogon haɓa da ke rayuwa a kogin Neja. Wannan dangi yana fitar da 'yar wutar lantarki mara ƙarfi a kai a kai don gane hanya a duhun ruwa, kuma yawan bugun yana sauyawa idan guba ta shiga. Ana iya jin bugun da wayoyi biyu a cikin tanki ba tare da an taɓa kifin ba. Amma bugun yana ƙaruwa da ɗumin ruwa, yana bambanta tsakanin dare da rana, kuma gishirin da ke cikin ruwa yana sauya ƙarfinsa, don haka shi ma sai an riƙe waɗannan kafin a fahimce shi.

A ganina Kano tana iya yin irin wannan aiki ba da kuɗi mai yawa ba, musamman a mashigar matatun ruwa na Chalawa da Tamburawa, da inda rafin Salanta ke kawo ruwan Sharaɗa. Tankuna biyu sun isa a fara, ɗaya ruwan kogi yana ratsa shi, ɗaya da ruwa mai tsabta a zafi iri ɗaya, kowane da 'ya'yan karfasa masu girma ɗaya da aka taso da su a ruwa mai kyau, domin kifin da ya girma a ƙazanta yakan saba da ita ya rage nuna alama. A shafe makonni ana rubuta halinsu na yau da kullum kafin a fara yanke hukunci da shi. A kula da wutar lantarki, domin in famfo ya tsaya oksijin zai faɗi, kifi ya rikice, a ta da hankalin jama'a a kan abin da ba daga kogi ya zo ba. Ko inuwar mutum da ƙarar janareta suna firgita su. Jami'ar Bayero da Hukumar Ruwa ta Jihar Kano da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, suna da mutanen da za su iya haɗa hannu a kan wannan.

Akwai iyakar da halin kifi ba ya tsallakewa, kuma ita ce ta fi damuna. Kuromiyam ɗin jima yana kwanciya a laka, dalma ma haka, su shiga jikin tsutsa, ƙurungu da tarwaɗa masu kiwo a ƙasa su ci, ƙarfen ya taru a hanta da ƙoda da gaɓar numfashi sannu a hankali, kifin kuwa yana iyo garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuromiyam a ruwan sha a miligiram 0.05 a lita, dalma kuwa 0.01, kuma ruwa yana iya haura wannan ba tare da kifi ya nuna komai ba. Ƙwayoyin kwalara da taifot ma ba sa damun kifi. Don haka kuzarin kifi ba ya halatta shan ruwa ko ban ruwan latas da shi, wannan sai ɗakin gwaje-gwaje. Kifin da aka tsinta a mace ba a san sanadi ba kuwa, kada a ci, kada a kai shi kasuwa.

Idan abin ya sake faruwa, Malam, ka rubuta sa'a, da irin kifayen da abin ya shafa da girmansu, da yadda suke motsi, da launin ruwa da warinsa, da ko an yi ruwan sama. Ka ɗauki bidiyo da waya. Ka cika kwalabe masu tsabta har baki daga wurin, da sama da shi, da ƙasa da shi, ka sa su a kula mai ƙanƙara tare da kifi biyu ko uku da suka galabaita amma ba su ruɓe ba, a kai ɗakin gwaje-gwaje a ranar. Zafi da pH da oksijin kuwa a bakin ruwa ake auna su, domin suna canzawa a cikin kwalba, kuma masu kiwon kifi da yawa suna da kayan awon da za a iya ara. Gwajin da zai raba gardamar ku shi ne a auna oksijin da asuba da kuma la'asar a gurabe biyu masu kama da juna a zurfi da zafi, ɗaya sama da magudanar da ake zargi, ɗaya ƙasa da ita, a maimaita na wasu kwanaki. Idan duka biyun suna faɗuwa iri ɗaya da asuba, to a nemi dalilin a yanayin kogin ko a can sama da su. Idan kuwa na sama yana riƙe miligiram 4 ko 5 yayin da na ƙasa ke sauka ƙasa da 2, alhali rana ɗaya ce ke dukan su, to abin da ke shigowa tsakaninsu ne ya kawo bambancin, kuma da waɗannan alƙaluma ne za ku je Ma'aikatar Muhalli ku nemi a bi magudanar har tushenta.